Jirgin Gwangwani A Ambursa: Fenti Da Kayan Ƙarƙashin Fiffike

Ranar Asabar ɗin da ta gabata na kama hanyar Argungu daga Birnin Kebbi, sai na ratse Ambursa domin in gaisa da ƙanwata in kuma yi azahar. Ban gama shan ruwan maraba ba sai ga ɗanta, yaro ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya fito daga zaure riƙe da wani abu da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Jirgin yaƙi ne ya ƙera. Gangar jikin ta gwangwanin madara ce, fukafukan na kwali, ƙafafun na waya da murafun kwalba, ɗakin matuƙi kuwa ya yanko shi daga robar ruwan sha. Ya shafe shi da jan fenti mai ƙyalli, ragowar wanda aka yi wa ƙofar gida, sannan ya jera totuwar kara guda shida a ƙarƙashin fukafukai.

Na ce, "Waɗannan fa?" Ya ce, "Bama-bamai ne, Kawu." Na ce, "Duka shidan?" Ya ce, "Ai jirgin yaƙi ne." Na sake tambayarsa dalilin jan fenti, ya ce shi ya samu, kuma ya fi kyau.

Ba abin mamaki ba ne yaron Ambursa ya ƙera jirgi. Filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello, wanda aka gina zamanin Gwamna Sa'idu Ɗakingari, a bakin garinsu yake, kuma daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a watan Mayun 2024. Yaran da iyayensu suka taso suna ƙera motar kara da ta langa-langa, su sun taso suna ɗaga kai sama. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne: hannun yaron ya iya, idonsa ne ba a koya masa kallo ba. Kuma wurare biyu da ya yi kuskure, wato fenti da kayan ƙarƙashin fiffike, su ne ainihin wuraren da ilimin jirgin yaƙi ya taru.

A ƙasashen da suka ɗauki wannan aiki da muhimmanci, ƙera ƙananan samfuran jirage sana'a ce da sha'awa ta manya da yara, mai ƙa'idoji. Ƙa'ida ta farko ita ce awo. Ba a ƙera jirgi da ka. Ana rage kowane sashe nasa da adadi ɗaya. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaya bisa 72, wanda ya samo asali a Ingila a shekarun 1930, inda inci ɗaya ke wakiltar ƙafa shida, kimanin tsayin mutum. Mu ɗauki Alpha Jet, jirgin da Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera, wanda Nijeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.11 ne. A raba da 72, sai a sami santimita 12 da rabi da 'yan kai. In an yi amfani da awon ɗaya bisa 48, sai ya kusa santimita 19. Yaron da ya yi wannan lissafi da rula a hannu ya fahimci darasin rabo da daidaito fiye da wanda ya haddace shi domin jarrabawa. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Revell da Tamiya na Japan suna sayar da sassan roba da ake harhaɗawa, amma ƙa'idar ba ta san roba ba. Tana aiki a kan kwali da gwangwani da icce.

Kada a ɗauka wasa ne kawai. A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfuran jirage dubu ɗari biyar a awon ɗaya bisa 72, a shafe su da baƙin fenti, domin a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokin gaba daga siffarsa kaɗai. Gwamnati ce ta buga zane, malaman aikin hannu suka duba, yara suka ƙera. Abin da muke kira ɓata lokaci, wata ƙasa ta mayar da shi aikin tsaro.

To mu koma kan fenti. Jirgin fasinja so yake a gan shi, don haka ake yi masa fari mai sheƙi da tambari. Jirgin yaƙi so yake ya ɓace wa ido. Abu na farko da ke tona asirinsa shi ne walƙiyar rana a jikinsa, wadda ake hangowa daga nesa tun kafin a ga siffarsa. Saboda haka fentinsa dusasshe ne, ba ya ƙyalli. Abu na biyu shi ne wurin da zai yi aiki. Jirgin da zai yi ƙasa-ƙasa yana farautar abin da ke doron ƙasa, daga sama ake iya hango shi, don haka ake yi wa bayansa dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da kore, ya saje da daji da fako, a kuma yi wa cikinsa launi mai haske, ruwan toka ko shuɗi mai tsarki, ya saje da sararin sama ga mai kallo daga ƙasa. Duk masuncin Argungu ya san wannan hikima a jikin kifi: baya duhu, ciki fari. Jirgin da aikinsa artabu da wani jirgi ne a can sama kuwa, ruwan toka ake yi masa gaba ɗaya, domin shi ne launin da ke narkewa a cikin hazo da nisa.

Wanda ya dubi hotunan jiragen Nijeriya zai karanta wannan a fili. Tsofaffin hotunan Alpha Jet, na zamanin da suka yi aiki da ECOMOG a Laberiya da Saliyo, suna nuna su cikin ruwan ƙasa da kore. Jiragen Super Tucano goma sha biyu, waɗanda shidan farko suka iso a Yulin 2021 aka kuma girke su a Kainji, sun zo da fenti iri biyu, na kurmi da na hamada, saboda ƙasarmu ta haɗa duka biyun. Su ba jet ba ne, masu farfela ne, amma darasin ɗaya ne. Jiragen JF-17 uku da aka ƙaddamar a Makurɗi a Mayun 2021 kuwa ruwan toka ne. A kan dukkansu akwai tambarin da'ira mai kore da fari da kore, da lambar jirgi, waɗanda ke shaida cewa na ƙasar nan ne. Ɓad-da-kama tana ɓoye jirgi daga ido, tambari kuma yana ɗora alhakin abin da ya aikata a kan mai shi. Duka biyun a jiki ɗaya suke.

Sannan akwai ƙananan abubuwan da mai kallon tsanaki kaɗai ke gani. Hancin jirgin da ke ɗauke da na'urar rada ba ƙarfe ba ne, kuma ba a shafa masa fentin da ke da garin ƙarfe, don kada ya tare siginar. Shi ya sa sau da yawa launinsa ke bambanta da na sauran jiki. Bakin bututun hayaƙi ba a yi masa fenti, zafi ne ke rina shi, ya koma ruwan tagulla da baƙi-baƙi. Wurin da makanikai ke takawa yana goge, gefen murafun da ake buɗewa kullum yana ɗan ɓare. Ranarmu tana cin launi, ƙurar hunturu tana kwanciya a kowace tsaga. Gwanayen wannan sana'a suna ɓata kwanaki suna kwaikwayon tsufan fenti, domin jirgin da ya yi aiki ba ya kama da wanda ya fito daga masana'anta jiya. Har ma sukan ɗan sirka fentin da fari, saboda ƙaramin samfur da ke tafin hannu yana wakiltar babban jirgin da ake hange daga nesa, kuma nisa yana rage kaifin launi.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya fi ƙarfin yaron Ambursa. A goge gwangwani da samfefa, a yi shafen farko da ruwan toka, a bari ya bushe sosai. A tsinka fenti, a yi shafe biyu ko uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri da ke cike layuka. A fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu. A yanka takarda a rufe inda ba a so fenti ya taɓa. Ɗan garin alli a cikin fenti yana kashe ƙyalli, garin gawayi a bakin auduga yana ba da baƙin hayaƙi. Duk mai fentin mota a Birnin Kebbi ya san rabin wannan ilimi, sai dai babu wanda ya taɓa haɗa shi da yaron.

Yanzu sai totuwar nan shida. A ƙarƙashin fiffike da cikin jirgin yaƙi akwai wuraren da aka ƙarfafa musamman, inda ake ɗaura ƙarafan da zan kira marataya. Adadinsu ƙayyadadde ne, kuma kowane yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Alpha Jet yana da huɗu a fukafukai, da wuri ɗaya a tsakiyar ciki inda ake manna kwandon bindiga. Super Tucano yana da biyar, ga bindigogi biyu a cikin fukafukansa, ga kuma wata ƙwallo a ƙarƙashin gaba wadda ba makami ba ce, kyamara ce mai gani dare da rana. JF-17 yana da bakwai, biyu daga ciki a bakin fukafukai, na makamai masu linzami da ake harbin jirgi da su.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, babban abin nan mai siffar kifi da ake gani a rataye, sau da yawa ba bam ba ne, tankin mai ne. Injin jet mashayin mai ne, cikin jirgin kuma ƙarami, don haka ake ƙara masa guzuri a waje, wanda matuƙi zai iya saki in buƙata ta taso. A Laos da Biyetnam, tankunan da jiragen Amurka suka zubar lokacin yaƙi, manoma sun tsaga su sun mayar da su kwale-kwale, wasu har yau suna kan ruwa. Shi kwandon roka gajere ne mai ramuka a gaba. Bam kuma yana da fikafikai a bayansa. Ko zoben fentin da ke jikinsu magana yake yi: a tsarin da ƙasashen NATO ke bi, rawaya na nufin akwai abin fashewa, shuɗi na nufin na atisaye ne, ruwan ƙasa na nuna injin roka. Jajayen ƙyallayen da ke lilo a jikin jirgin da ke ajiye kuwa alama ce ta makullan da dole a cire kafin tashi.

Kowane abin da aka rataya yana da farashi. Nauyi yana tsawaita gudun da jirgi zai yi kafin ya ɗaga, musamman a zafin bazararmu, lokacin da iska ke yin sako-sako. Jan iska yana rage gudu, yana ƙara shan mai. In an cika bama-bamai, an rage nisan tafiya. In an cika tankuna, an rage makami. Dole kuma hagu da dama su daidaita, kamar kayan jaki. Saboda haka jirgin da aka cika wa kowane maratayi da bam, irin na ɗan ƙanwata, ya fi kama da na fim. Mai ƙera samfur na gaskiya yakan fara da tambaya: wane jirgi, a wace shekara, zai je ina, ya yi me? Amsar ce ke zaɓa masa launi da kaya.

Tarihinmu ya ba da misalin da ya fi kowane nuna ƙarfin waɗannan abubuwa biyu. A watan Mayun 1969, lokacin yaƙin basasa, wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyon tuƙi biyar samfurin MFI-9. A Gabon aka harhaɗa su, aka shafe su da koren fentin mota, aka ɗaura musu kwandunan roka a ƙarƙashin fukafukai. Ranar 22 ga wata suka kai hari filin jirgin Fatakwal, daga baya Benin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa. Injin bai canja ba, fiffike bai canja ba. Fenti da maratayi ne suka mayar da jirgin ɗalibai jirgin yaƙi.

A nan ne maganar ta daina zama ta wasa. Mu mutanen wannan yanki mun san cewa abin da aka rataya a ƙarƙashin fiffike a kan mutane yake sauka. Muna buƙatar jiragen nan: wanda ya ga abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ba zai yi gardama ba. Matuƙan kuma da rayukansu suke aikin. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo Alpha Jet a dajin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira da laima, ya bi dare a ƙafa har ya kuɓuta. Amma mun kuma san Rann, inda a Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, fiye da mutum ɗari suka rasu. Mun san Tudun Biri, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Disamban 2023. Mun san maƙwabtanmu na Silame, waɗanda suka binne mutanensu bayan farmakin da aka ce Lakurawa aka nufa a Disamban 2024. Al'ummar da ba ta iya bambanta tankin mai da bam ba, ko kyamara da bindiga, ba za ta iya yi wa hukuma tambayar da ta dace ba: me aka gani kafin a saki, wa ya tabbatar, da wane makami? Jahilcin abu yakan haifi ko dai tsoro marar dalili ko sha'awa marar tunani. Yaron da ya san nauyin kowace totuwar da ya manna zai girma yana girmama ta.

Na san abin da wasu za su ce. Yaron da ke fama da kuɗin littafi, ina shi ina fentin jirgi? Wasu kuma za su ce a wannan zamani na zargi, koya wa yara siffar makamai neman fitina ne. Ga na biyu, amsata ita ce duk abin da na faɗa a nan yana cikin hotunan da rundunar sojan sama da kanta take wallafawa, kuma sanin launin tanki bai taɓa koya wa kowa haɗa makami ba. Sai dai lallai a gargaɗi yara: ba a zuwa shingen filin jirgi ko sansanin soja ana ɗaukar hoto. Ga na farko kuwa, a tuna da Air Beetle, jirgin koyon tuƙin da sojan samanmu suka yi shekaru suna amfani da shi. Guda sittin aka harhaɗa a Kaduna, bisa zanen wani ƙaramin jirgin Amurka, RV-6A, wanda a lokacin ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa. A tuna da jiragen leƙen asiri marasa matuƙi da rundunar sojan sama ta fitar a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, duka da sunayen Hausa. Na farkon ma sunansa ya zo ɗaya da garin Gulma na ƙasar Argungu. A tuna cewa da aka sayo wasu Alpha Jet na hannu daga Amurka ba tare da tsarin makamai ba, injiniyoyin rundunar ne suka ɗora musu a gida. A kan kowane matuƙi ɗaya akwai tarin makanikai, masu fenti, masu waya da masu ɗaura kaya, kuma dukkansu aikin awo da haƙuri suke yi. Da wane hannu ake fara wannan, in ba irin na yaron nan ba?

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Malaman fasaha a ƙananan sakandare su mayar da ƙera samfur aikin zango, da sharaɗin a kawo lissafin awo tare da jirgin. Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da jami'ar kimiyya da ke Aliero su buga zanen jirage uku ko huɗu a takarda, gaba da gefe da sama, su raba wa makarantu. Kuɗin bai kai na walimar taro ɗaya ba. Rundunar sojan sama, wadda ke buƙatar amincewar mutanen karkara fiye da kowane lokaci, ta riƙa tura tsofaffin makanikanta makarantu su yi bayani. Masu shirya bikin kamun kifi na Argungu, wanda tun 1934 yake tara gwanaye iri-iri, su ware rumfa ɗaya ta yara maƙera, a yi hukunci bisa daidaito, ba bisa girma ko ƙyalli ba. Wanda ya yi fice a nuna masa hanyar Kaduna ko Kwalejin Sufurin Sama ta Zariya. Iyaye kuma, kafin a ce wa yaro ya zubar da tarkacen nan, a tambaye shi tsawon fiffiken.

Kafin in bar Ambursa na nuna wa ɗan ƙanwata hoton Alpha Jet a wayata, na ce ya ƙirga marataya. Ya ƙirga, ya yi shiru, ya cire totuwa biyu ya sa a aljihu. Ya nuna biyu daga cikin ragowar ya ce, "Kawu, to waɗannan tankuna ne, dole in fiƙe su gaba da baya." Sai ya tambaye ni inda ake samun fentin da ba ya ƙyalli. Na yi masa alkawarin rula ta ƙarfe da ƙananan gwangwanayen fenti uku in na dawo. Mahaifiyarsa ta ce, "Yaya, kai ma ka biye masa?" Na ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka. Sai mako mai zuwa.